Ɗana Ya Ce Kiɗa Ko Fim Zai Yi: Shin Akwai Abinci A Wannan Hanya?

Watannin baya na je Minna ɗaurin aure. Ana shafa fatiha sai wani abokina, wanda muka daɗe muna zaman Sabo ta Ibadan tare, ya ja ni gefe. Ya ce, "Malam, don Allah kafin ka koma ka leƙa Ketaren Gwari ka yi wa yaron nan faɗa. Ni dai na gaji."

Yaron ɗansa ne, shekararsa 19. A Ibadan aka haife shi, can ya yi firamare da sakandare, kuma sakamakonsa ya yi kyau. A makaranta ne ya shiga ƙungiyar badujala, ya koyi busa ƙahon nan na Turawa da ake kira saksofon. Da uban ya ga abin yana neman wuce wasa, sai ya tattara shi ya turo shi wurin kawunsa mai gareji a Ketaren Gwari, wai ya koyi gyaran mota ko hankalinsa ya dawo jikinsa.

Na je na tarar da shi a ƙarƙashin wata tsohuwar mota, duk ya yi baƙi da baƙin mai. Kawun ya ce mini, "Wallahi yaron nan ba shi da matsala. Ba ya shaye-shaye, salla ba ta wuce shi, hannunsa kuma na da kyau a aiki. Amma da an tashi, sai ka ji busa a bayan gareji har magariba." Shi kuwa yaron da na tambaye shi, kansa a sunkuye ya ce, "Baba, ni ban ce ba zan yi karatu ba. Karatun kiɗan nake so in yi. Abba ya ce wai maroƙi zan zama."

Wannan rigima ba ta gida ɗaya ba ce. Tana nan a Agege da Idi-Araba, tana nan a Sabo ta Shagamu, da Anacha, da Fatakwal. 'Ya'yanmu da aka haifa a Kudu suna tasowa kusa da situdiyo da gidajen talabijin, suna ganin abokan karatunsu suna shiga fim da waƙa. Iyaye kuma suna da nasu tsoron. Don haka na ga ya kamata mu zauna mu duba: mene ne a cikin wannan hanya, su wa suka bi ta kafin yau, kuma yaya suka ƙare?

Tsoron iyaye yana da tushe

Kada mu yi saurin ganin laifin uban. A tsarin Bahaushe na da, kiɗa da roƙo sana'ar gado ce, kuma mai yin ta yana rayuwa ne a inuwar wani: sarki, ko attajiri, ko masu wata sana'a kamar mahauta da maƙera da manoma. In ubangida ya yi kyauta a ci, in ya juya baya a kwana da yunwa. Shi ya sa ko da makaɗi ya yi suna, gidaje da yawa ba sa son ba shi aure. Ga kuma batun addini, inda malamai suka yi saɓani a kan kayan kiɗa, wasu suka tsananta, wasu suka sassauta da sharuɗɗa. Wannan magana ce da kowane gida zai koma wurin malamin da ya amince da shi.

Bayan haka akwai abin da ido ke gani. Sau nawa muka ji an fito a rediyo ko Facebook ana neman taimakon kuɗin asibiti ga ɗan wasan da ya shekara 30 yana ba mu dariya? Suna daban, abin hannu daban. To uban da ya ga haka, in ya ce ɗansa ba zai bi nan ba, ba ƙiyayya ce ta sa shi ba.

Sai dai akwai wani ɓangare na tarihin da ba a cika ba mu labarinsa ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi fice a kiɗan zamani da wasan kwaikwayo a ƙasar nan malaman makaranta ne, ko sojoji, ko ma'aikatan gwamnati. Fasaha da takarda tare suka riƙe su.

Shi wannan jaz ɗin, wane irin kiɗa ne?

Jaz ya samo asali ne a birnin New Orleans na Amurka a farkon ƙarni na 20, a tsakanin baƙaƙen fata jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Abin da ya bambanta shi da sauran kiɗan Turawa shi ne ƙirƙira nan take. Akwai karin da kowa ya sani, za a fara da shi tare, daga nan sai a bar wa mai ƙaho fili ya yi nasa zuba, ya gama mai fiyano ya karɓa, mai ganga ya amsa, sannan a dawo kan karin farko a rufe. Duk wanda ya taɓa zama gaban mai kukuma ko mai kalangu yana ƙirƙirar baiti a take, 'yan amshi suna karɓa, ba zai ji wannan tsari baƙo ba ne a kunnensa.

Amma fa ƙirƙirar ba ta zuwa haka kawai. Mai busa jaz sai ya san ƙa'idar sautuka, ya iya karanta kiɗa a rubuce, ya kuma yi shekaru yana atisaye na sa'o'i kullum. Shi ya sa a ƙasashe da yawa a jami'a ake koyar da shi. A 2011 hukumar UNESCO ta ware ranar 30 ga Afrilu ta kowace shekara a matsayin ranar jaz ta duniya.

Arewa ma ta san shi tun da daɗewa. A 1960, shekarar samun 'yancin kai, shahararren mai busa ƙaho Louis Armstrong ya zagayo Afirka, ya zo Nijeriya, har ya gana da Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello a Kaduna.

Ba'amurken da ya zo Zariya koyon sarewa

Misalin da na fara ba yaron nan shi ne na Dakta Yusef Lateef. An haife shi a Amurka a 1920, ya tashi a birnin Detroit, ya musulunta wajen 1950. Ya yi busa tare da manya irin su Dizzy Gillespie da Cannonball Adderley, wato ya riga ya yi suna tun yana da sauran ƙuruciya. Duk da haka bai ce ya gama ba. Ya koma aji, ya yi digiri na farko da na biyu, a 1975 kuma ya kammala digirin dakta a fannin ilimi a Jami'ar Massachusetts, inda ya yi bincikensa a kan tsarin ilimin Musulunci da na Turawa.

Daga 1981 zuwa 1985 Zariya ya zauna, a matsayin babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne sarewar Fulani makiyaya, wadda mu muke wucewa ba ma ko waiwaye. Shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi a kan kiɗa da wasannin Hausawa, wanda ya fito a 1987. Ya kuma fitar da faifai mai suna In Nigeria. Da ya koma gida ya ci gaba da koyarwa a jami'a, a 1988 ya karɓi kyautar Grammy, ya rasu a Disambar 2013 yana da shekara 93.

Ka duba lissafin: busa ta ba shi suna, karatu ya ba shi kujera da albashi da mutunci har tsufa. Da busar kaɗai ya riƙe, da wuya wata jami'a ta ɗauko shi daga Amurka ta kawo shi Samaru.

Bala Miller: ɗan Zariya da Legas ta rena

Na biyu ya fi kusa da mu, domin shi ma ɗan Arewa ne da ya yi zaman Kudu. An haifi Bala Miller a 1928 a Pankshin, mahaifinsa limamin coci ne mutumin Zariya. A Legas ya yi sakandare, a makarantar CMS Grammar School, kuma a can ya goge da makaɗan hailaif na wancan zamani. Shekaru da yawa ma'aikacin kamfani ne da rana, a sashen talla, kiɗa kuma sai bayan an tashi aiki.

Daga baya ya zauna a Kaduna ya kafa babbar ƙungiyarsa mai suna Great Music Pirameeds of Africa, ya tara matasa ya koya musu busa da kiɗa tun daga tushe. Ya haɗa hailaif da salon jaz da waƙa cikin Hausa, kuma waƙarsa "Ikon Allah" har yau tsofaffi ba su manta da ita ba. Ya yi shiri nasa na kansa a talabijin na ƙasa. Ya rasu a 2003. Sanin talla da tafiyar da ma'aikata da ya samo a ofis shi ne ya ba shi damar riƙe ƙungiya mai mutane da yawa, abin da ke kayar da makaɗa da dama.

Ko Fela Kuti da kowa ya sani, ai makarantar kiɗa ta Trinity ya yi a Landan. Da ya dawo a 1963 aikin gidan rediyon gwamnati ya fara kamawa a Legas, yana busa jaz a gefe, kafin ya gano salon da ya fito da shi duniya.

'Yan wasan da suka fito daga bariki da ofis

In muka juya ga wasan kwaikwayo, abin ya fi fitowa fili. Marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, an haife shi a 1942 a Pategi ta ƙasar Nufe. Ya yi aikin gidan rediyo a Kaduna, ya kuma yi aikin soja har zuwa 1985. Wannan Samanja da ke haɗa Hausa da Turancin bariki yana ba mutane dariya, daga rayuwar da ya gani da idonsa ya ɗauko shi. Ya rasu a Nuwambar 2023.

Marigayi Kasimu Yero, mutumin Zariya, ya fito a Karambana da Magana Jari Ce, ya kuma fito a matsayin Uncle Gaga a shirin Cock Crow at Dawn da NTA ta fara a Jos a 1980. Shi kansa wannan shiri an yi shi ne don a jawo hankalin jama'a ga noman zamani, wato wasa ne amma aikin hukuma yake yi. A cikinsa ne Sadiq Daba ya fito a matsayin Bitrus. Shi ma ma'aikacin NTA ne shekara da shekaru, kuma da girma ya kama shi ya fito a fim ɗin October 1 na Kunle Afolayan a 2014, wanda ya ba shi kyautar gwarzon ɗan wasa ta Afirka a 2015. Duk da haka, da ciwo ya kwantar da shi sai da jama'a suka haɗa hannu wajen jinyarsa kafin rasuwarsa a Maris 2021. Wannan ma darasi ne: albashi da suna ba sa hana buƙatar tanadi.

Marigayi Rabilu Musa Ibro kuwa ma'aikacin gidan yari ne kafin ya koma fim gaba ɗaya. Ali Nuhu digiri gare shi a fannin labarin ƙasa daga Jami'ar Jos, kuma a Janairun 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da ke Jos. A ƙasar Yarbawa ma haka abin yake: Hubert Ogunde, wanda ake kira uban wasan dandamali, malamin makaranta ne, sannan ɗan sanda, kafin ya ajiye kaki a tsakiyar shekarun 1940.

In ma aka koma baya, ai shugabanninmu na farko da alli da alƙalami suka fara. Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne lokacin da ya rubuta Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976. Malam Aminu Kano ya rubuta wasannin kwaikwayo yana malami, yana amfani da su wajen wayar da kan talakawa. Ba wanda ya ce musu 'yan iska.

Abin da Minna kanta ke koyarwa

Na ce wa yaron nan, garin da aka turo ka horo ma yana da nasa labarin. Minna ƙasar Gbagyi ce, kamar yadda sunan unguwar Ketaren Gwari ke tunatarwa, amma jirgin ƙasa ne ya raya ta, ya tara mata ƙabilu daga ko'ina, kafin ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976.

A nan aka haifi Cyprian Ekwensi a 1921. Iyayensa Ibo ne mazauna Arewa, wato kamar mu ne aka juya: mu 'yan Arewa a Kudu, su 'yan Kudu a Arewa. Ya karanta aikin gandun daji, ya koyar a Kwalejin Igbobi ta Legas, ya zama masanin haɗa magunguna, ya yi aikin gidan rediyo, har ya kai daraktan yaɗa labarai na gwamnatin tarayya. A cikin duk wannan hidima ne ya rubuta littattafansa. Tasowarsa a Arewa ita ta ba shi The Passport of Mallam Ilia da Burning Grass, labarin Fulani makiyaya. Wani abin sha'awa, jarumin littafinsa People of the City na 1954 ɗan jarida ne da rana, shugaban makaɗa da dare.

A Minna aka haifi Ben Okri a 1959, lokacin mahaifinsa yana aikin jirgin ƙasa, kuma shi ne ya ci kyautar Booker ta Ingila a 1991. Sai marigayi Abubakar Gimba, mutumin ƙasar Lapai, masanin tattalin arziki wanda ya kai babban sakatare a gwamnatin Jihar Neja, ya yi darakta a banki, ya rubuta littattafai irin su Witnesses to Tears, ya kuma shugabanci Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya daga 1997 zuwa 2001. Ya rasu a 2015. Har yanzu akwai gidauniyar Hill-Top da B.M. Dzukogi ya assasa a Minna, wadda ta faro daga makarantar sakandare tana renon yara masu rubutu da zane da wasa. Ɗansa Saddiq Dzukogi ya zama marubucin waƙoƙi, ya yi digirin dakta, yana koyarwa a jami'a a Amurka.

Bahaushe ya ce taura biyu ba ta taunuwa. Gaskiya ne in an cusa su baki lokaci ɗaya. Waɗannan mutane bi da bi suka tauna tasu.

To a ina ake koyo?

Mu da ke Kudu ma mun fi kowa kusa da makarantun. A Onikan ta Legas akwai cibiyar MUSON, wadda aka kafa ƙungiyarta a 1983. Tana da makarantar difloma ta shekara biyu, kuma tun 2006 gidauniyar MTN ke ɗaukar nauyin ɗalibai a can. Ba a shiga sai an gwada mutum a kan abin da yake busawa ko kaɗawa, an kuma ga ya san ƙa'idar rubutun kiɗa. A yankin Badagry akwai makarantar kiɗa ta Peter King, wanda shi kansa mai busa saksofon ne. Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961.

A fannin wasan kwaikwayo, Jami'ar Ibadan ce ta fara tun farkon shekarun 1960. Jami'ar Ahmadu Bello ta bi baya a tsakiyar shekarun 1970, kuma ta yi suna wajen amfani da wasa don wayar da kan mutanen karkara. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos su ma suna da sashen. A Jos ɗin akwai Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da kuma Kwalejin Talabijin ta NTA, inda ake koyon ɗaukar hoto, haɗa sauti, tace fim da ba da umarni. Galibin waɗannan sassa suna neman yaro ya ci Turanci da adabin Turanci a jarrabawar gama sakandare, don haka tun daga aji huɗu ake shirya wannan tafiya. A duba littafin JAMB na shekarar kafin a cike fom.

Ina abincin yake?

Wannan ita ce tambayar uba, kuma ta cancanci amsa ba kwana-kwana. Jaz zalla ba ya ciyar da mutane da yawa a Nijeriya. Masu sauraronsa kaɗan ne, yawancinsu a Legas da Abuja, a manyan otal da ofisoshin jakadanci da bukukuwan shekara-shekara. Wanda ya ce da wannan kaɗai zai riƙe gida, ya shirya wa wahala.

Amma wanda ya iya busa da karanta kiɗa, ƙofofinsa sun fi ɗaya. Akwai badujalar soja, ta sojan ruwa, ta sojan sama da ta 'yan sanda, kuma duk aikin gwamnati ne mai albashi da muƙami da fansho. Ben Odiase, wanda ya tsara kiɗan taken ƙasa da aka yi amfani da shi daga 1978 zuwa 2024, daraktan badujalar 'yan sanda ne. Akwai koyarwa a makarantu, musamman masu zaman kansu a Kudu da ke neman malaman kiɗa. Akwai aikin situdiyo, yi wa mawaƙa busa a faifai, haɗa sautin fim da na talla. Akwai gidajen rediyo da talabijin, da hukumomin raya al'adu na jihohi, da ƙungiyar wasanni ta ƙasa da ke Legas.

A fim ma haka. Tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau, masana'antar Kannywood ta ɗauki dubban mutane, amma fuskokin da ake gani kaɗan ne a cikinsu. Mai kyamara, mai tace hoto, mai rubuta labari, mai fassara, mai kula da sauti, sau da yawa aikinsu ya fi na jarumi ɗorewa, domin jarumi yayinsa na wucewa. Tun da kasuwar faifan CD ta mutu aka koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wanda ya iya aikin kwamfuta shi ke da riba. A nan 'ya'yanmu na Kudu suna da wata dama ta musamman: yaron da ya iya Hausa da Yarbanci ko Ibo da Turanci da Burokin, shi ne gadar da Kannywood da Nollywood ke nema.

Shi kuwa aikin koyarwa, mafi ƙarancin takardar da ake nema ita ce NCE, sannan a yi rajista da hukumar malamai ta TRCN. Dokar 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki, ko da yake ba kowace jiha ce ta fara aiki da ita lokaci ɗaya ba. Albashin ba yawa, kowa ya sani. Amfaninsa shi ne yana zuwa da fansho, yana kuma barin yamma da hutun zango ga mai wata fasaha.

Ramuka uku da ya kamata a sani

Na farko, doka. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na biyar, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da wani kasuwanci ko sana'a ta kansa, in ban da noma. Don haka wanda ya samu aikin gwamnati kada ya buɗe kamfanin fim da sunansa yana tafiyar da shi, ya ɗauka ba komai. Ya tambayi ma'aikatarsa abin da aka yarda da shi, ya karɓi izini a rubuce. Su Samanja da Sadiq Daba wasan yana cikin aikinsu ne, shi ya sa ba su sami wannan matsala ba.

Na biyu ya shafe mu kai tsaye: takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Shiga soja, ɗan sanda, ko aikin tarayya, duk ana raba guraben ne bisa jihar asali. Yaron da aka haifa a Sabo ko Agege, in bai taɓa zuwa garin kakanninsa ba, ranar da ya tashi neman takardar nan zai sha wuya: a can a ce ba a san shi ba, a nan a ce baƙo ne. Iyaye su kai yara gida tun suna ƙanana, mai unguwa da dagaci su san su, a karɓi takardar tun kafin a buƙace ta. A kuma tabbatar suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a takardar haihuwa, da NIN, da sakamakon jarrabawa.

Na uku, haƙƙin mallaka. Yara da yawa suna sayar da waƙa ko labari a kan kuɗin da bai kai na cefanen wata ba, wani ya ci gajiyarsa shekaru. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris 2023 ta tanadi cewa miƙa haƙƙin aiki ga wani sai a rubuce. Kada yaro ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, kada kuma ya yi aiki a kan "za mu daidaita daga baya". Ga 'ya'ya mata kuwa, a san wanda ke shirya fim ɗin, a san rajistarsa, a san inda za a kwana in an fita ɗauka. Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Yadda muka rabu a Ketaren Gwari

Da na koma wurin abokina ban ce masa ya saki yaro ya bi duniya ba, ban kuma ce ya fasa ƙahon ba. Na ce masa, "Alhaji, hana shi da ƙarfi ba zai cire masa abin a rai ba, sai dai ya koya masa ɓoye maka. Ka kafa masa sharaɗi." Muka zauna mu huɗu da kawun a kan benci a bakin gareji, aka yi yarjejeniya. Yaro zai ci gaba da gyaran mota har ya karɓi 'yancinsa, domin sana'ar hannu ba ta tsufa. Zai sake zana JAMB, ya nemi fannin kiɗa haɗe da ilimin koyarwa, yadda in busa ba ta ciyar ba aji zai ciyar. Ba zuwa wurin da ake shaye-shaye da sunan wasa. Uban kuma zai biya kuɗin fom, zai kuma kai shi garinsu a karɓo takardar ƙaramar hukuma.

Uban ya daɗe shiru, sannan ya dubi ɗan ya ce, "In ka kawo mini takarda, ni da kaina zan zo in zauna in ji wannan busar taka." Yaron ya ce, "Na gode, Abba. In sha Allahu ba zan ba ka kunya ba."

Ko zai zama wani abu a kiɗa, Allah kaɗai ya sani, domin ba duk mai sha'awa ne ke da baiwa ba, ba kuma duk mai baiwa ne ke da haƙurin atisaye ba. Abin da iyaye za su iya yi shi ne su gwada yaron da sharaɗi mai nauyi, su ga ko zai ɗauka. Wanda da gaske yake zai yi karatun, ya yi sana'ar, ya kuma yi busar. Wanda burgewa kawai yake nema, kafin shekara ta zagayo zai ajiye da kansa. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su abin yi na halal.